A Kan Wa Ake Koyon Likitanci? Tarihin Tura Sababbin Likitoci Karkara, Daga Bebeji Zuwa Doguwa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda masu cewa data ba ta isa sauraro ba, da kuma masu son su karanta a nutse.

Yau maganar asibiti za mu yi, amma ta ƙofar tarihi za mu shiga. A makarantun likitanci na Amurka da Ingila da Kanada akwai wata al'ada. Ɗalibi in ya kusa gamawa, sai a ba shi wasu makonni a ce ya zaɓi inda zai je ya ƙaro sani. Da yawansu sai su zaɓi Afirka ko Asiya, su je asibitin da babu isassun likitoci, su koma gida da hotuna da labarin cewa sun je taimakon talakawa. Mu ma nan gida muna da irin tamu: ɗaliban likitanci da ake kaiwa ƙauye na ɗan lokaci, da likitoci 'yan bautar ƙasa, da kuma waɗanda Najeriya ke turawa wasu ƙasashe. To tambayar da ta hana ni sakat ita ce, wa ke cin ribar wannan tafiya, mai zuwa ko wanda aka zo wa? Wanzami ma ai a kan wani ya koyi aski, wannan ba abin kunya ba ne. Amma kan wa? Da izinin wa? Kuma wa ke tsaye a bayan yaron lokacin da aska take hannunsa?

Na zaɓi mu kalli wannan tarihi daga Kano ta Kudu, wato Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Dalilina shi ne, in ka bar titin Zariya a Kwanar Ɗangora ka miƙi hanyar Jos, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, ka gangara Doguwa da Riruwai har bakin iyakar Kaduna da Bauchi, za ka gane cewa Kano ba Ƙofar Mata da Zoo Road ba ce kawai. Matar da jijjiga ta kama da tsakar dare a wani ƙauye bayan Falgore, tsakaninta da Asibitin Murtala tafiyar sa'o'i ce, in ma an samu mota. Ga irin wannan mata, zancen wane ne likitan da ke asibiti mafi kusa, ya ƙware ko bai ƙware ba, yana nan ko ya tafi hutun ƙarshen mako, zancen rai ne da mutuwa.

Bari mu fara daga farko. Kafin zuwan Turawa mutanenmu ba a zaune suke ba magani ba. Akwai wanzami mai ƙaho da kaciya da cire beli, akwai maɗori, akwai ungozoma, akwai mai saiwa da sassaƙe, akwai malami mai rubutu. Duk abin da za ka faɗa game da ingancin aikinsu, abu ɗaya ba za ka musa ba: a cikin gari suke, an san gidansu, an san wanda ya koya musu. Ɗan wanzami shekara da shekaru yana riƙe wa ubansa zabira kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. In ya yi ɓarna, akwai Sarkin Aska da za a kai wa ƙara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bebeji kuwa tana kan tsohuwar hanyar fatake daga Zariya zuwa Kano, don haka baƙi da yawa ta nan suka bi. A 1900 wata tawagar 'yan mishan ƙarƙashin Bishop Tugwell ta iso Kano, a cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai ba su wurin zama ba, ya ce su koma inda suka fito. Bayan shekara uku, a farkon Fabrairun 1903, sojojin Kanar Morland suka fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanyarsu ta cin Kano. Kun ga ke nan, likitan Bature da bindigar Bature kusan tare suka shigo ƙasar nan, kuma wannan ya daɗe yana shafar yadda kakanninmu ke kallon asibiti. Shi Miller daga baya ya zauna a Zariya, aikin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929.

Likitocin gwamnatin mulkin mallaka na farko ba don talaka aka kawo su ba. Aikinsu shi ne lafiyar joji da di'o da soja da ma'aikacin gwamnati. Sannu a hankali En'e ta fara gina nata: asibitin birni, wanda yau muke kira Asibitin Murtala, da ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Wa ke zama a ɗakin shan magani? Ba likita ba. Wani yaro ne da ya yi elemantare ko midil, aka ba shi horo na ɗan lokaci, aka koya masa wankin gyambo, da ba da kunin, da allura. Shi ne malamin asibiti. Har gobe in ka shiga ƙauyukanmu, duk mai farar riga likita ake ce masa, kuma asalin abin daga nan ne. Ga mafi yawan mutanen karkarar Kano, wannan malami shi ne fuskar maganin zamani na tsawon shekaru masu yawa.

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna sosai a ƙasar Zazzau da kewaye, saboda ƙudan tsando da ke bakin rafuka. Turawa suka kafa sashe na musamman: likitoci ƙalilan, da samari 'yan ƙasa da aka koya wa lalubar kaluluwa a wuya da duba jini a madubin likita. Suna bin gari gari, hakimi ya tara jama'a, a duba kowa, wanda aka samu da ciwon a yi masa allurai. A Anchau, can maƙwabtanmu ta kudu maso yamma, har tayar da mutane aka yi aka sake musu matsuguni, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon ya ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma ba a tambayi kowa ko ya yarda ba. Umarni ne daga sama, kuma dogari na tsaye.

A wannan zamanin ne kuma aka sassauta wa 'yan mishan, aka bar su su shigo masarautun Musulmi ta hanyar jinyar kuturta. Mishan ɗin SIM ta karɓi aikin kutare a Kano, wanda ya zauna a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido na Sabon Gari a 1943, sannan ta haura Nijar ta kafa asibitin Galmi a 1950. Galmi ta daɗe tana karɓar ɗaliban likitanci da sababbin likitoci daga ƙasashen Turawa, suna koyon aiki a tsakiyar Hausawa. In kuna neman misalin abin da muke magana a kansa a ƙasar Hausa, to ga shi nan tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa.

To ina 'ya'yanmu? A 1930 aka buɗe makarantar likitanci a Yaba, Legas. Ɗalibai su sha karatu na shekaru, amma in sun fito ba a kiransu cikakkun likitoci. Mataimaka ne, albashinsu ƙasa da na Bature, takardarsu ba ta aiki a wajen Najeriya. Hujjar Turawa ita ce ƙasa na bukatar hannaye da yawa cikin sauri kuma da araha. 'Yan kishin ƙasa suka ce a'a, wannan raini ne, me ya sa baƙar fata sai rabin likita? Likitan farko daga Arewa, Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, sai da ya je Birmingham a Ingila ya samo cikakkiyar takarda. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta gwada irin na Yaba a nan Kano, ta buɗe makarantar likitanci don samar da mataimakan likitoci da za su riƙe asibitocin larduna. Ba ta yi tsawon rai ba, domin zamani ya riga ya juya wajen digirin jami'a.

Ku lura da wannan gardama, don ba ta mutu ba har yau. Ɓangare ɗaya na cewa da babu gara ba daɗi, a kai wa ƙauye ko wane ne. Ɗaya ɓangaren na cewa ran mutumin Burji da ran mutumin Nasarawa ɗaya ne, me ya sa wancan zai samu ƙwararre, wannan ya samu ɗan koyo? Ni dai a ganina kowanne yana da gaskiyarsa, kuma duk tsarin da ya toshe kunne ga ɗayansu zai ci mutane.

Da aka samu 'yancin kai a 1960, Arewa ta cika giɓin da baƙi. Iyayenmu sun san likitocin Indiya da Fakistan da Masar a asibitocin gwamnati. Ga kuma matasan Turawa 'yan sa kai: na Ingila ƙarƙashin VSO da aka kafa a 1958, na Amurka ƙarƙashin Peace Corps da Shugaba Kennedy ya kafa a 1961. A shekarar farko ma sai da aka yi rikici. Wata budurwa daga cikinsu da ke samun horo a Jami'ar Ibadan ta rubuta wa wani a gida kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗi, ɗalibai suka tsinta, suka buga shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Wannan fa 1961 ke nan, babu Facebook babu TikTok. Yau katin ya zama hoton yaro mai tamowa a hannun baƙuwa tana murmushi, kuma ba a tambayi uwar yaron ba.

Amma a wannan zamanin ne aka samu wani tunani mai kyau. Malaman jami'a suka lura cewa in ka horar da likita a babban asibitin koyarwa kawai, inda akwai ɗakin gwaji da hoton ƙashi da manyan likitoci a kowane lungu, to ka horar da shi ne don Landan. A 1963 Jami'ar Ibadan ta fara kai ɗalibanta Igbo-Ora a yankin Ibarapa, su zauna cikin mutane na makonni, su ga rijiyar da ake sha, su ga inda cuta ke fitowa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitanci a 1967, lokacin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne, yana shugabanta. Farfesa Umaru Shehu ya jagoranci sashen lafiyar al'umma. Malumfashi ta zama filin koyo da bincike a shekarun 1970, tare da masana daga Liverpool, aka yi aiki a kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. A Zariya, Brian Greenwood ya yi bincike a kan sanƙarau, David Warrell a kan dafin kububuwa, kuma dukansu sun zama manyan sunaye a duniya. Eldryd Parry, wanda ya koyar a Zariya, ya tafi Ilorin a ƙarshen shekarun 1970, aka gina karatun likitancin can a kan fita cikin al'umma tun daga ajin farko.

Ku dubi wannan jerin sunaye da kyau. Jikin talakan Arewa ya koyar da duniya abubuwa da yawa game da sanƙarau da dafin maciji da maleriya. Aikin Garki ma, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi daga 1969 zuwa 1976 a tsohuwar Jihar Kano, har yau masu nazarin maleriya na amfani da alƙalumansa. Ba na cewa mutanen nan sun cuce mu, da yawansu sun yi aiki tsakani da Allah kuma sun horar da 'ya'yanmu. Abin da nake cewa shi ne, karkara ba wurin karɓar sadaka ba ce kawai. Makaranta ce, kuma makaranta tana da haƙƙi a kan ɗalibinta.

A daidai lokacin kuma Kano ta Kudu tana canzawa. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, aka kammala a 1974. Ruwa ya kawo noman rani da kamun kifi da arziki, amma ruwan da ke kwance da magudanan ban-ruwa gida ne na sauro da ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsargiya. Yaro ya yi fitsarin jini, a wasu wurare ma a ɗauka alamar girma ce. Ɗalibin da bai taɓa tsayawa a bakin magudanar ruwa ya ga yara na wanka ba, zai ba da ƙwaya, yaron ya warke, ya koma ruwa, ya dawo bayan wata shida. Wannan darasin ba a cikin aji yake ba.

Sai 1973. Bayan yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa, NYSC, ranar 22 ga Mayu. Manufar farko haɗin kan ƙasa ce, amma ga asibitocin karkara sai ya zama wata hanya ta samun likita. Yaro ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, sai a ba shi kaki a tura shi inda bai taɓa jin sunansa ba. Shi ne likita kofa. A garuruwa da yawa na Arewa, shi kaɗai ne likita a asibitin gaba ɗaya. Shi ne na yara, shi ne na mata, shi ne mai tiyata.

Mu yi wa kofa adalci. Da yawansu sun ceci rayuka da fitilar waya a baki, sun yi tiyatar haihuwa da littafi a buɗe a gefe, domin in ba su yi ba babu mai yi. Amma tsarin yana da ramuka uku. Na farko, ba kowa ke jin Hausa ba, balle Fulatanci ko Kurama da za ka ji a wasu ƙauyukan Doguwa. Mace ta ce "cikina ke juyawa" ko "jinina ya hau" ko "iska ce", sai mai shara ko ɗan rakiya ya zama tafinta, kuma akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban ƙanin mijinta ba. Na biyu, babu babba a kansa. A asibitin koyarwa in ya rikice zai kira na gaba da shi, a nan kuwa sai dai ya kira Allah. Na uku, baƙo raɓa ne. Daidai lokacin da ya fara gane gari, mutane suka fara yarda da shi, sai shekara ta cika, a kawo wani sabo a koma farko. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke bukatar wanda ya san tarihinsa, kowace shekara sabon labari zai fara.

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa lafiya a matakin farko ita ce ginshiƙi. Wanda ya ɗauki abin da gaske a Najeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, aka haɗa su da makarantun likitanci da na koyon aikin lafiya, don malamai da ɗalibai su riƙe su. A Kano kuma aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, ɗaliban Jami'ar Bayero suka samu gida, kuma cibiyar lafiya ta Kumbotso ta zama wurin fitarsu cikin al'umma, kamar yadda ta Yakawada a Giwa take ga ɗaliban Zariya. To amma ku da kuka san Kano, Kumbotso yau birni ya riga ya haɗiye ta. Wanda ya yi makonni a Kumbotso ya ga talauci, amma bai ga abin da ake nufi da nisa ba. Nisa yana bayan Falgore.

Ga wani abin da matasa da yawa ba su sani ba: mu ma muna turawa. A 1987, zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje, aka kafa shirin TAC. Najeriya ke ɗaukar likitoci da nas-nas da malamai, ta biya su, ta tura su ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik na shekara biyu. An je Gambiya, an je Jamaika, an je har Fiji. Abin alfahari ne, kuma akwai darasi a ciki: ƙwararru ake turawa, kuma ƙasar da za a je ita ke faɗin abin da take bukata. Sai dai mutumin Kiru yana da damar ya tambaya, in muna da likitan da za mu ba Fiji, ina nawa?

Yanzu bari mu zo wurin da ke da ciwo. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana cikin haka sai tawagar kamfanin Pfizer ta sauka a Asibitin Zana na Kano, ta gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar kuma an nemi izini da baki, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Bayan 'yan makonni tawagar ta tafi, annoba na ci gaba. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Waɗannan ba ɗalibai ba ne, amma darasin ya shafi duk baƙon da zai zo da farar riga. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Da aka zo 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har zuwa Yulin 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma yaran da suka shanye a wannan tsakanin su suka biya bashin amanar da wasu suka ci.

Su ma can ƙasashen sun fara jin kunyar wasu abubuwa. An samu ɗalibai da ke zuwa Afirka su karɓi haihuwa ko su yi ɗinki, abin da a ƙasarsu ko kusa ba za a bar su ba. A Yuganda har an samu wata Ba'amurkiya da ba ta taɓa shiga makarantar likitanci ba, ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Jinja, yara sama da ɗari suka mutu a can cikin 'yan shekaru, magana ta kai kotu. A 2010 wasu masana suka fitar da ƙa'idoji: kada ɗalibi ya yi abin da ya fi ƙarfin iliminsa, a samu mai kula da shi, a biya asibitin da ya karɓe shi wahalarsa, kuma hulɗar ta zama mai ɗorewa, ba ta mako biyu ba. Ku duba, ai wannan shi ne tsarin ɗan wanzami da zabira da muka faɗa tun farko.

Kuma kada mu ɗauka mu kullum mu ne ake koyo a kanmu. A mulkin Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, Kano ta tura ɗalibai da yawa waje, ciki har da 'yan mata da aka kai karatun likitanci Sudan da Masar, musamman don a samu likitoci mata. Waɗannan 'ya'yan namu a jikin talakan Khartoum da na Masar suka koyi aiki. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun koro ɗalibanmu da yawa gida karatu bai ƙare ba. Waɗanda suka gama kuma sai sun ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa kafin su taɓa mara lafiya. Bayan duk wannan, ga Saudiyya da Ingila na ɗaga musu hannu da albashin da ba a haɗawa da namu. A 2023 har wani ɗan majalisar wakilai, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin a tilasta wa likita shekara biyar a gida kafin a ba shi cikakken lasisi, likitoci suka yi ca a kansa.

To tilas tana aiki? Tailan ta fara tilasta wa sababbin likitoci shekara uku a asibitin gwamnati tun ƙarshen shekarun 1960, amma ba ta tsaya nan ba. Ta gina asibitocin gundumomi da gidajen ma'aikata, ta ƙara alawus, sannan a tsakiyar shekarun 1990 ta fara ɗaukar ɗalibai daga karkara, ta horar da su kusa da gida, ta mayar da su yankinsu. Kyuba ta buɗe makaranta a 1999 don 'ya'yan talakawa daga ƙasashe daban-daban da niyyar su koma inda suka fito. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2010 ta ce ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi tabbata shi ne, ɗan karkara ya fi komawa karkara. Mu kuma mun ga ɗaya gefen a shirin ungozomomi na 2009, da aka tura sababbi da masu ritaya zuwa ƙananan asibitoci: inda babu masauki kuma alawus ya maƙale, da yawa ba su zauna ba.

Saboda haka, in an tambaye ni me tarihin nan ke gaya wa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ga abin da zan ce. A kawo ɗalibai, na Bayero ne ko na waje, domin likitan da bai san karkara ba rabin ƙasarsa ya sani. Amma su zo da malaminsu, ya kwana inda suka kwana. A gaya wa mara lafiya da Hausa cewa wannan ɗalibi ne, kuma in ya ce ba ya so, kada a hana shi magani. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Makarantar da ta zaɓi asibitin Tudun Wada ko na Doguwa ta riƙe shi shekara goma, kada ta zama yau nan gobe can. A girmama nas da ungozoma da malamin asibitin da suka yi shekara ashirin a wurin, don su ne za su koya wa baƙon abin da babu a littafi. Kuma a gyara gidan likita, a sa ruwa da sola, a samu makarantar da zai sa 'ya'yansa.

Na ƙarshe kuma ya fi duka nauyi, kuma ya rataya a wuyanmu ne. Yankin nan yana da kujeru biyu a majalisar wakilai ta tarayya, Kiru da Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi huɗu, ga masu kuɗi. Lokacin kamfe a tambaye su: yara nawa daga makarantun sakandaren yankin nan kuka ɗauki nauyinsu zuwa likitanci da aikin nas? Akwai malamin kimiyya da ɗakin gwaji a makarantar 'yan matan garinku? In yarinyar Kafin Maiyaki ko ta Riruwai ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, ta yaya za ta ci jarrabawar shiga jami'a? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan da uwarsa ke zuwa awo a wannan asibitin, ba sai an yi masa doka ba kafin ya damu da ko akwai jini a firij.

Ku da kuke karatun likitanci ko aikin jinya kuna karanta wannan, in an tura ku ƙauye kada ku bi ta bayan gida a sauya muku zuwa birni tun kafin ku ga wurin. Ku je, ku gaida mai gari, ku koyi sunayen cututtuka yadda mutane ke kiransu, kuma ku san iyakarku. Cewa "Baba, wannan ya fi ƙarfina, a tafi Kano yanzu" ba gazawa ba ce, wani lokacin ita ce maganin.

Nan za mu dakata. Wanda ya san tarihin asibitin garinsu, ko ya ji daga bakin tsofaffi yadda malamin asibiti na farko ya zo, ya ba mu labari, mu ƙaru da juna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.